Jirgin daga: abin da ya raba shi da sauran jiragen ruwan yaƙi

Ranar 14 ga Afrilun 2022 jirgin ruwan yaƙin Rasha mai suna Moskva ya nutse a Bahar Aswad. Yukren ta ce makamanta masu linzami biyu samfurin Neptune ne suka same shi, Rasha kuma ta ce gobara ce ta tashi har ta kai ga makaman da ke ciki. A kwanakin da suka biyo baya an laƙaba wa jirgin sunaye iri-iri, har da wanda Turawa ke kira battleship, wato jirgin daga. Masana harkar sojan ruwa ba su yarda ba. Suka ce Moskva kuruza ne, wato wani rukunin jirgin yaƙi daban da Turawa ke kira cruiser, kuma tun 1992 babu rundunar ruwan da ke da jirgin daga a bakin aiki. Kwatsam a watan Disamban 2025 Shugaba Donald Trump ya sanar cewa Amurka za ta ƙera sababbin jirage da wannan tsohon suna, masu nauyin da ya haura tan 30,000, na farkonsu Defiant. Muhawarar ta dawo sabuwa.

Ruɗanin yana da dalili. A hoton jarida, duk wani ƙaton jirgi mai ruwan toka da bindiga a goshi kamarsu ɗaya. A wajen masu ƙera su kuwa girma ba shi ne ma'auni ba. Tambaya biyu suke yi: wane aiki aka gina jirgin domin sa, kuma wane irin duka zai iya sha ya ci gaba da faɗa.

## Aikin da ya haifar da shi

A ƙarni na 17, zamanin yaƙe-yaƙen ruwa tsakanin Ingila da Holan, bindigogin jirgin katako a gefe suke jere. Kwamandoji suka ga cewa hanyar da kowane jirgi zai yi harbi ba tare da ya sami ɗan uwansa ba ita ce a tsara su sahu ɗaya, wannan na bin bayan wancan. Abokan gaba ma su tsara nasu, a ja daga, a yi ta ruwan wuta har wani ɓangare ya karye. Ba kowane jirgi ake sa wa a sahun ba, domin mai rauni ɗaya in ya faɗi ya buɗe ɓaraka ga sauran. Sai aka ware masu ƙarfin tsayawa, galibi masu igwa 64 zuwa sama da 100. Victory na Birtaniya, wanda Admiral Nelson ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, igwa 104 gare shi. Ƙananan jirage masu sauri irin su firiget aikinsu leƙen asiri, kai saƙo da rakiyar jiragen 'yan kasuwa.

A 1853 jiragen Rasha suka ƙone rundunar Daular Usmaniyya a Sinop da harsasai masu fashewa, kowa ya gane cewa kwanan katako ya ƙare. Faransa ta fito da Gloire mai rigar ƙarfe a 1859, Birtaniya ta mayar da martani da Warrior a 1860. Injin tururi ya maye gurbin iska, igwa ta ragu a yawa ta ƙaru a girma, amma aikin bai canza ba. Jirgin daga shi ne wanda babban makaminsa igwa mafi girma ta zamaninsa, yana sanye da sulken da zai jure harsashi irin nasa, an kuma gina shi ne domin ya kara da takwaransa a ƙwace iko da teku. Sharaɗin sulken nan shi ne aka fi mantawa da shi, shi ne kuma ya fi raba gardama.

## Igwa, da wahalar samun abin da aka auna

Jiragen daga na ƙarshen ƙarni na 19 suna ɗaukar manyan igwa huɗu masu faɗin baki milimita 305, sannan tarin matsakaita da ƙanana. Yaƙin Tsushima na watan Mayun 1905, inda Japan ta murƙushe rundunar Rasha, ya ƙarfafa ra'ayin cewa faɗa zai riƙa farawa tun daga nesa, inda manyan ne kawai ke kaiwa. Akwai kuma matsalar gyaran saiti. Ana harba igwa da yawa lokaci guda, mai lura a can saman jirgi ya duba inda harsasan suka faɗa ruwa, ya ce a ƙara ko a rage. Idan igwa masu girma daban-daban ke harbi tare, ba zai iya tantance wane fantsamar ruwa ce ta wacce ba, gyaran ya zama canki-canka.

Birtaniya ta warware wannan da Dreadnought, wanda aka saka a ruwa a Fabrairun 1906 bisa matsin lambar Admiral John Fisher: igwa goma masu milimita 305 duk iri ɗaya, injin tururi mai juya farfela da ya ba shi gudun kilomita 39 a awa, nauyi kusan tan 18,000. Daga ranar duk jiragen dagan duniya suka zama tsohon yayi, har da na Birtaniyar kanta, aka buɗe sabuwar tsere da Jamus.

Domin a ga abin a kusa, a ɗauki jiragen Iowa huɗu na Amurka, waɗanda suka fara aiki a 1943 da 1944. Kowanne yana da igwa tara masu milimita 406, uku-uku a hasumiyoyi uku masu juyawa. Abin da ake gani a saman jirgi kan hasumiyar ne kawai. Gangar jikinta ta nutsa hawa da yawa zuwa ƙasa, har rumbunan harsashi da albarushi, kuma nauyin ɓangaren da ke juyawa ya kai kusan tan 1,700. Bututun igwa ɗaya tsawonsa mita 20, nauyinsa ya haura tan 100. In za a ɗura, sai a sauke bututun zuwa digiri 5, na'ura ta hauro da harsashi mai huda sulke mai nauyin kilo 1,225, sandar turi ta cusa shi da ƙarfi. Wata na'urar daban ta kawo buhunan albarushi shida na siliki, kowanne kusan kilo 50, a tura su a hankali, a rufe gindin igwa, a ɗaga bututun zuwa kusurwar da aka lissafa. Ƙwararrun ma'aikata kan yi harbi biyu a minti ɗaya da kowace igwa, harsashin kuma yakan kai kusan kilomita 38.

Matakin tura albarushin nan shi ne mai haɗari. Ranar 19 ga Afrilun 1989 hasumiya ta biyu ta jirgin Iowa ta fashe ana cikin atisaye, mutum 47 suka mutu. Gwajin da cibiyar bincike ta Sandia ta yi daga baya ya nuna cewa tura buhunan da ƙarfi da sauri fiye da ƙima na iya tayar da wuta.

Kai wa nesa daban, samun abin da aka auna daban. Harsashin da aka harba zuwa kilomita 32 yakan yi kusan minti ɗaya a sama, a cikin wannan minti kuwa jirgin da ke gudun kilomita 46 a awa ya matsa fiye da mita 750, wataƙila ma ya juya. Saboda haka jirgin daga ke ɗauke da manyan na'urorin auna nisa, da kwamfutar ƙarfe mai haƙora da ke lissafa gudun jirgin biyu, iska da tangal-tangal ɗin teku, daga baya kuma aka ƙara rada. Duk da haka, harbi mafi nisa da aka tabbatar ya sami jirgi mai tafiya bai wuce kusan kilomita 24 ba: na Warspite na Birtaniya a kan Giulio Cesare na Italiya, da na Scharnhorst na Jamus a kan Glorious na Birtaniya, dukansu a 1940. Yamato na Japan, mafi girma da aka taɓa ginawa, mai nauyin kusan tan 72,000 in an cika shi, igwarsa milimita 460 ce, harsashinta kilo 1,460, tana kai kilomita 42, amma nisan nan bai taɓa yi masa amfanin da aka zata ba.

## Sulke: inda ake sa shi da inda ake bari

A jiragen daga na Yaƙin Duniya na Biyu sulke yakan cinye kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin jirgi. Ko da hakan ba zai lulluɓe ko'ina ba. Tun daga jirgin Nevada na 1916 Amurka ta bi tsarin da sauran ƙasashe da dama suka kwaikwaya: a tara sulke mai kauri a kan abin da jirgi ba zai rayu ba sai da shi, wato rumbunan albarushi, tukwanen tururi, injuna da hasumiyoyi, a bar goshi da baya kusan tsirara. Dalili kuwa, matsakaicin sulke ba ya tsayar da babban harsashi, sai dai ya tayar da fiyus ɗinsa ya fashe a ciki, alhali siririn bango yakan bar shi ya ratsa ya wuce. Akwatin sulken da ke tsakiya ana lissafa shi yadda zai riƙe jirgin a saman ruwa ko da gaba da baya sun cika.

Akwatin yana da bango da rufi. Bangon shi ne ɗamarar sulke da ta bi gefen jirgi daidai layin ruwa: milimita 307 a Iowa, 410 a Yamato, an kuma ɗan karkatar da ita domin harsashi ya same ta a kaikaice. Rufin ya fi siranta, na Yamato kusan milimita 200. In abokin gaba yana kusa, harsashinsa a miƙe yake zuwa da cikakken ƙarfi, zai iya huda ɗamara. In yana nesa sosai, harsashin daga sama yake sauka, zai iya huda rufi. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazarar da ba ya huda ko ɗaya, kuma kwamanda mai jirgin da ya fi sauri shi ke zaɓar tazarar da za a yi faɗan. Wannan ne ya sa gudu ma ya zama makami.

Ƙarƙashin ruwa kuma wata dabarar ce. Topido, wato bam mai tuƙa kansa a cikin ruwa, ba kaurin ƙarfe ke tare shi ba. Ana jera ɗakuna a gefen jirgi, wasu fanko wasu cike da mai ko ruwa, faɗinsu mita da yawa, domin su shanye ƙarfin fashewar kafin ta kai bangon ciki. Wurin da wannan kariya ba ta kaiwa shi ne baya, inda farfela da matuƙi suke. Topido ɗaya daga tsohon jirgin sama samfurin Swordfish ya maƙale matuƙin jirgin dagan Jamus Bismarck a Mayun 1941, jirgin ya kasa gudu har aka cim masa washegari. Prince of Wales na Birtaniya ma ta nan ya tafi: topido ya lanƙwasa sandar farfelarsa, sandar ta ci gaba da juyawa tana yayyaga bangayen ciki, ruwa ya bi hanyarta.

## Masu kama da shi

Wanda aka fi rikitawa da jirgin daga shi ne kuruzan daga, wanda Turawa ke kira battlecruiser, shi ma dabarar Fisher. Invincible na 1908 igwarsa milimita 305 ce kamar ta Dreadnought, gudunsa kilomita 46 a awa, amma ɗamararsa milimita 152 kacal, kusan rabin ta Dreadnought. Manufarsa ya farauci kuruza, in ya ga jirgin daga ya kauce. Matsalar ita ce kwamandan da ke da irin wannan igwa a hannu da wuya ya bar ta a bayan fage. A yaƙin Jutland na 31 ga Mayun 1916 tsakanin Birtaniya da Jamus, uku daga cikin na Birtaniya, Indefatigable da Queen Mary da Invincible, suka tarwatse da mutum sama da 3,300. Masana sun kasu kan dalili. Wasu na ɗora laifin a kan sirantar sulke, wasu kuma a kan yadda ma'aikata ke tara albarushi a hanya suna barin ƙofofin tare wuta a buɗe domin su yi saurin harbi. Masu ra'ayi na biyu suna kafa hujja da Jamusawa, waɗanda suka gyara tsarinsu bayan Seydlitz ya kusa fashewa a 1915, ko da yake Jamusawan suna kuma sa wa nasu sulke mai kauri. Abin da ba a jayayya a kai shi ne babu jirgin daga na zamanin Dreadnought ko ɗaya da ya nutse a Jutland. Hood na Birtaniya, kuruzan daga mafi shahara, ya bi sahunsu ranar 24 ga Mayun 1941, mutum uku suka tsira cikin 1,418.

Sai jiragen Jamus irin su Admiral Graf Spee, waɗanda jaridun Birtaniya suka yi wa laƙabi da jiragen dagan aljihu. Igwa shida masu milimita 280 a kan jirgin da ɗamararsa ba ta wuce milimita 100 ba. Kuruza uku na Birtaniya suka raunata shi a Disamban 1939, kwamandansa ya nutsar da shi da kansa a bakin Montevideo, kuma a 1940 Jamus ta mayar da 'yan uwansa biyu rukunin manyan kuruza. Scharnhorst akasin haka ne: igwa milimita 280, ƙarama a zamaninsa, amma sulke cikakke na jirgin daga. Jamus ta kira shi jirgin daga, Birtaniya ta kira shi kuruzan daga, kuma har yau littattafai ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. In aka bi ma'aunin sulke, Jamusawan sun fi kusa da gaskiya.

An taɓa rubuta iyakar a doka. Yarjejeniyar Washinton ta 1922 ta ce duk jirgin yaƙin da ba mai dakon jiragen sama ba, in ya haura tan 10,000 ko igwarsa ta wuce milimita 203, ya shiga rukunin manya. Ta hana kowane babba wuce tan 35,000 da igwa milimita 406, ta kuma raba jimillar nauyi: tan 525,000 ga Amurka da Birtaniya kowacce, 315,000 ga Japan, 175,000 ga Faransa da Italiya kowacce. Yarjejeniyar Landan ta 1930 ta raba kuruza gida biyu a kan igwa milimita 155, ta taƙaita distiroya a tan 1,850. Tsarin ya rushe da ficewar Japan a ƙarshen 1936, amma sunayen da ke kan mutane har yau daga wannan zamani suka fito.

## Kuruza, distiroya da firiget a yau

Asalin kuruza jirgin doguwar tafiya ne shi kaɗai, yana leƙo abokan gaba yana tsaron hanyoyin kasuwanci. Distiroya ya fara ne a shekarun 1890 a matsayin ɗan ƙaramin jirgi, ƙasa da tan 300, mai korar kwale-kwalen topido daga jikin jiragen daga. Firiget na zamani mai rakiya ne da farautar jiragen ƙarƙashin teku, kwabet kuma ƙaninsa ne mai aikin kusa da gaɓa. Babu ɗayansu da aka gina domin ya sha harsashin babbar igwa ya tsaya.

Yanzu iyakokin sun cakuɗe. Distiroyan Amurka samfurin Arleigh Burke nauyinsa kusan tan 9,000 ne, yawancinsu da ramukan harba makami mai linzami 96 da igwa ɗaya tak mai milimita 127. Zumwalt ya kai kusan tan 15,000, ya fi Moskva nauyi, amma distiroya ake ce masa. Samfurin 055 na Chaina mai ramuka 112, masu shi na cewa distiroya, Amurka na cewa kuruza. Jamus na kiran jirginta mai tan 7,000 firiget. A 1975 Amurka ta mayar da wasu firiget ɗinta kuruza da alƙalami kawai, domin a takarda Tarayyar Sobiyet ta fi ta yawan kuruza. Wani sa'in sunan dabarar doka ce: Sobiyet ta kira Admiral Kuznetsov kuruza mai ɗaukar jiragen sama, abin da ya sauƙaƙa masa ratsa mashigan ruwan Turkiyya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreux ta 1936.

Mafi kusa da jirgin daga a girma cikin masu faɗa da makamansu su ne samfurin Kirov na Rasha, masu injin nukiliya da nauyin kusan tan 28,000. Ƙasashen Yamma na ce musu kuruzan daga saboda girman, amma makaminsu linzami ne, sulkensu kuma kaɗan ne a wasu muhimman wurare. Jirgin dakon jiragen sama kamar Gerald R. Ford ya kai tan 100,000, ya fi kowane jirgin daga, amma ƙarfinsa yana kan jiragen da ke tashi daga bayansa, kuma ana tsara tafiyarsa yadda abokin gaba ba zai ma hango shi ba.

## Abin da ya kawar da shi

Nisa ne. Igwa ta tsaya a kilomita 40, jirgin sama na kai bam ɗaruruwan kilomita. A Nuwamban 1940 jiragen saman Birtaniya samfurin Swordfish 21 suka fitar da jiragen dagan Italiya uku daga aiki a tashar Taranto. Ranar 7 ga Disamban 1941 jiragen saman Japan suka kai wa rundunar Amurka hari a tashar Pearl Harbor, inda jirgin daga Arizona kaɗai ya tafi da mutum 1,177. Masu kare jirgin daga suka ce ai waɗannan a tsaye aka same su. Kwana uku bayan haka jiragen saman Japan suka nutsar da Prince of Wales da Repulse a tsakiyar teku kusa da Malaya, suna gudu suna harbi. A Satumban 1943 bam mai linzami na Jamus ya nutsar da Roma na Italiya. Karo na ƙarshe da jiragen daga suka yi wa juna ruwan wuta shi ne tsakanin Amurka da Japan a mashigin Surigao na Filifin a Oktoban 1944. Yamato ya nutse ranar 7 ga Afrilun 1945 da mutum sama da 3,000, jiragen sama ne suka gama da shi.

Ba wai sulken ya gaza ba ne. Yamato da ɗan uwansa Musashi sai da suka sha bama-bamai da topido masu yawan gaske kafin su kife. Abin da ya faru shi ne jirgin da ke cin ma'aikata 2,700 da dukiya mai yawa ya daina iya taɓa wanda ke dukansa. Aikin da ya rage masa shi ne luguden wuta a kan gaɓa da kare jiragen dako da bindigogin kakkaɓo jiragen sama. Amurka ta dawo da jiragen Iowa a shekarun 1980 ta ɗora wa kowanne linzamin Tomahawk 32, New Jersey ya yi harbi a Labanon a 1983 da 1984, Missouri da Wisconsin suka yi a Yaƙin Tekun Fasha na 1991. Missouri ya ajiye aiki a Maris na 1992. Duka huɗun gidajen tarihi ne yanzu.

## Masu son a dawo da shi da masu adawa

Masu goyon baya suna da hujjoji na gaske. Harsashin igwa ya fi linzami araha nesa ba kusa ba, ba a rikita shi da na'urar toshe sigina, hadari da hazo ba sa hana shi, shi ya sa sojojin Amurka masu sauka a gaɓa suka daɗe suna ƙorafin rashinsa. Jiragen yau kuma fatarsu siririya ce. Linzamin Exocet ɗaya ya halaka Sheffield na Birtaniya a 1982, kwale-kwale mai bam ya huda Cole na Amurka a Aden a 2000 ya kashe mutum 17, alhali jirgin saman ƙunar baƙin wake na Japan da ya faɗa wa gefen Missouri a Afrilun 1945 lotsawa kawai ya bari. Babban jirgi kuma yana da wurin ɗaukar linzami masu yawa da manya, da wutar lantarkin da rada mai ƙarfi da makaman leza ke buƙata.

Masu adawa na cewa ba a sa wa rada sulke. A faɗa da Japan kusa da tsibirin Guadalcanal a Nuwamban 1942, jirgin dagan Amurka South Dakota ya sha harsasai sama da 20 bai kusa nutsewa ba, amma wutarsa ta ɗauke, radarsa da hanyoyin sadarwarsa suka lalace, ya fice daga faɗan. Jirgin yau ya fi shi dogaro da irin waɗannan na'urori. Topidon zamani kuma ƙarƙashin jirgi yake fashewa ya karya ƙashin bayansa, inda ɗamara ba ta da amfani. In za a yi amfani da igwa dole a matso kusa da gaɓa, cikin bakin linzamin abokin gaba. Suna kuma tuna Zumwalt: an shirya gina 32, aka ƙare da uku, aka soke harsashin igwarsa a 2016 bayan kuɗin kowane ɗaya ya kai kusan dala 800,000.

Idan aka auna abin da aka bayyana game da Defiant da tsohon ma'auni, babban makaminsa linzami ne, kariyarsa kuma harbo abin da ke zuwa kafin ya iso. Wannan ya fi kusa da Kirov fiye da Iowa. Gwamnati na da ikon sa wa jirginta sunan da ta ga dama, amma muhawarar da ke da amfani ita ce ko a tara ƙarfi a manyan jirage kaɗan ko a baza shi a matsakaita masu yawa.

## Inda abin ya shafi jama'a

Kuɗin irin waɗannan jirage daga aljihun masu biyan haraji yake fita. Kasafin Birtaniya na 1909 ya ƙara haraji ne domin a biya fanshon tsofaffi da sababbin jiragen daga a lokaci guda, rikicin da ya biyo baya ya kai ga rage ikon majalisar dattawan ƙasar. A Daular Usmaniyya gudummawa aka tara daga jama'a domin biyan jirage biyu da aka gina a Birtaniya, Sultan Osman da Reshadiye. A Agustan 1914 Birtaniya ta ƙwace su ta sa a rundunarta, fushin da hakan ya jawo ya taimaka wa masu son daular ta bi Jamus. Duk inda aka sanar da babban jirgi, abin dubawa shi ne mutum nawa zai ci, shekara nawa za a yi ana gininsa, da kuma jirage nawa aka fasa ginawa dominsa.

Sai kasuwanci. Sama da kashi 80 cikin ɗari na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa suke bi. Da 'yan Houthi suka fara kai wa jiragen kasuwa hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, manyan kamfanonin dako suka koma zagaya kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kusan kwana goma, kuɗin dako da na inshora suka tashi, mai saye a ƙarshe shi ya biya. Jiragen da aka tura rakiya distiroya ne da firiget, suna harba linzamin miliyoyin daloli domin kakkaɓo jirage marasa matuƙa masu arha. A irin wannan aiki yawan jirage ake nema, domin hanya doguwa ce kuma jirgi ɗaya wuri ɗaya yake tsare wa. A lissafin da rundunonin ruwa suka saba da shi, cikin kowane jirgi uku ɗaya ne ke bakin aiki, ɗaya na horo ko kan hanya, ɗaya na wurin gyara.